Dawar da Iya Ta Ɗaura wa Zane

Iya ta cika da hantsin wata Talata a ƙarshen damina, tana jingine da ƙirjina. Uwar maigidana ce. Shekara goma sha huɗu na yi a gidanta ban taɓa kama sunanta ba, ba kuwa yau da ƙasa ta rufe ta zan fara ba.

Wadda ta fara shigowa ita ce Hajiyar da muke katanga ɗaya da ita, takalmi ƙafa ɗaya, mayafi a hannu. Ta zauna a bakin ƙofa tana tambayar wa kuma zai riƙa yi mata faɗa a kan kajinta. Kawu, ƙanen Iya, wanda har yau yake kan al'adar iyayensu kuma bai taɓa taka cikin coci ba, ya zauna a gindin dalbejiya bai yi hawaye ba. Abin da ya ce kawai, tun suna yara komai sai ta riga shi. Dangin Bakori da na Musawa ba wanda ya zo, ta waya suka yi gaisuwa, kuma ba mu ga laifinsu ba, kowa ya san hanyarmu. Fasto ya ce a hanzarta, don maƙabarta tana bayan ramin da 'yan sa-kai suka haƙa suka kewaye gari, kuma ba a bari la'asar ta samu mutum a can.

Ana cikin haka Maman zumunta, wato shugabar matan cocinmu, ta ce a kawo zanen zumuntar Iya. A wurinmu macen da ta yi shekaru a zumuntar mata, da wannan zanen ake lulluɓe ta ranar tafiya. Na shiga ɗaki na fito da kwando na ajiye a gabanta. Cike yake da ƙyallaye, kowanne bai fi faɗin faifai ba, rana ta cinye launinsu, wasu da kashin tsuntsu a jiki. Wata baƙuwa ta dafe ƙirji ta ce ashe tsufa ya taɓa kan Iya ba a sani ba. Na kusa ba ta amsa, don bakina ba ya da linzami, amma na tuna gawa ce a gabanmu. Amsar ce nake rubutawa yanzu, don kada a wayi gari a ce da tsumma aka rufe Iya saboda ruɗewa.

Gajeriya ce, mai ƙaton murya. In ta ɗaga waƙa a coci kowa sai ya bi ta ko da ta kauce, ta kuwa sha kaucewa. Ba ta iya karatu ba, amma in mai wa'azi ya tsallake wani wuri a labari sai a ji gyaran muryarta daga layin baya. Tana amarya ta karɓi bangaskiya, ubanta ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwarta, duk da haka kowace kaka sai ta kai mashi damin farko. Ni kuwa 'yar Funtua ce, koyarwa ta kawo ni ƙauyen. Ranar da ta ga yadda nake riƙe fartanya ta yi dariya har da tari, ta ce wannan ai alli take nema ta rubuta wa ƙasa wasiƙa. Daga ranar ta sa mani Malama, in tana jin daɗina Malama, in tana jin haushina ma Malama, sai dai muryar ta bambanta.

Addu'arta ba irin ta kowa ba ce. Ba ta iya kalmomi masu nauyi ba. Kowace safiya takan zauna a kan turmi a kife, ta buɗe tafin hannu ta ce: "Ubangiji, ga ni kuma." Daga nan sai ta shiga yi mashi bayani kamar maƙwabcin da ya dawo daga tafiya: akuya ba ta ci ba, gwiwa ta dame ta, Malama ta tashi da fushi. Da fari abin yakan ba ni kunya in muna da baƙi.

Akwai wata farar dawa mai dogon wuya da ta zo da ita daga gidan ubanta, ita ake shukawa a gonarmu ta daji tun kafin a haifi maigidana. Iya ba ta yarda a ɗebi iri daga rumbu. Tun dawa na tsaye ake shiga gona a zaɓi kawunan da suka fi cika, a yanke su daban, a ɗaure a rataye a madafa inda hayaƙi zai kore masu ƙwari. Da ƙafarta take zaɓe, har gwiwa ta hana ta, ta koya wa ɗanta, maigidana. Shi ne ɗan farinta, don haka ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce mutumin nan.

Shekara uku ke nan, wata Alhamis a cikin kaka, ya shigo da damin iri a bayan mashin. Iya ta juya kawunan ɗaya bayan ɗaya, ta ce ba laifi, wanda a bakinta babban yabo ne. Washegari ya koma don a fara girbi. Mutanen daji suka same su a gona, shi da wasu, suka kora su cikin daji. Waɗanda aka ɗauka tare da shi, wasu sun dawo, wasu an samu labarin ƙarshensu. Shi kam shiru. Na yi wata da watanni waya na ɗaure a bakin zanena, ko wanka zan shiga da ita nake shiga, ba ta taɓa kawo muryarsa ba. Dawar da ke gona a can ta zube. Abin da ya shigo gidanmu a shekarar nan damin irin nan ne kaɗai.

Daga nan gari ya zama akurki. Gonar daji ba mai zuwa. Makarantar da nake koyarwa aka rufe. Mota sai ranar kasuwa, ita ma sai 'yan sa-kai sun raka ta zuwa titin Malumfashi. Sannan mai unguwa ya yi shela cewa kada wanda ya shuka dawa ko masara a gonakin bakin gari, don doguwar shuka maɓoya ce, sai wake da gyaɗa da waken soya. Dokar tana da hujja, ni ma na yarda da ita. Amma ta bar dawar Iya ba wurin zuwa, nesa ba dama, kusa an hana. Iri kuwa ba ya dawwama a rataye, in ya shekara biyu zuwa uku ba a sabunta shi ba, mutuwa yake yi a tsaye.

Mutane suka fara ba Iya shawara a yi wa ɗanta addu'ar rasuwa, ko ni ma na samu in san matsayina. Ta ƙi. Wasu kuma suka riƙa zuwa da mafarkai, wai sun gan shi yana dawowa da farar riga. Su ma ta kore su. Ta ce ba ta ga gawa ba, ba ta kuma ga mutum ba, saboda haka ba za ta yi wa Allah ƙarya ta kowane gefe ba. Ni kuwa na daina addu'a. Ina zuwa coci, ina ɗaura zanen zumunta, ina motsa baki, amma Allah ya sani ba da shi nake ba. Iya ta gane.

Daminar farko ta fasa daɓen tsakar gida, ta yi kunya huɗu tsakanin rijiya da katanga, ta shuka. Da dawa ta fara leƙa saman katanga, mai unguwa ya zo da kansa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce doka ba ta san tsakar gida ba, in ya ƙyale ta gobe kowa zai yi. Iya ta tambaye shi abin da dokar ta hana, dawa ce ko tsawo. Ya ce tsawo. Ta ce to ya dawo jibi. Da ya dawo ya tarar ta kafa turaku, ta lanƙwaso kowane kara a hankali ta ɗaure da igiya, duk sun sunkuya ƙasa da katanga. Ya daɗe yana kallo, ya ce shi bai ga komai ba, ya fita yana girgiza kai.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne tsuntsaye. Da can dawa ta cika ƙasar nan, tsuntsu ya ci nan ya ci can ba a gane ɓarnarsa. Yanzu duk faɗin garin dawarmu ce kaɗai. Tana fara ƙwaya suka sauko kamar an yi masu gayya. Mun buga gwangwani, mun rataya tsumma, Iya ta ɗaura leda a wasu kawunan, suka yi gumi suka ruɓe. Cikin kwana huɗu ba abin da ya rage sai soshiya. Na ce a raina to shi ke nan, an huta. Iya ta tattara karan ta ce an koyi abu.

Rigimarmu ta zo da bazara ta biyu. Rumbu ya daɗe da zama fayau, zannuwana na kirki duk sun tafi a musayar masara, yarana uku sun kwana biyu a kan tafasasshen zogale. Rannan Iya ta je gaisuwa, na shiga madafa na sauke damin irin, na zuba a turmi. Na ɗaga taɓarya ke nan ta shigo. Ban san tsohuwa mai ciwon gwiwa tana da irin wannan saurin ba. Kafin in sauke hannu ta zauna a bakin turmin, ta rufe shi da jikinta.

Na ce, "Iya, ku tashi. Kai ɗaya ya ishi 'yar tsakar gidan nan, sauran jikokinku su ci."

Ta ce, "Ranar da hanya ta buɗe, da kai ɗaya za ki shuka gonar daji?"

Nan bakina ya kwance. Na ce wace hanya, wa zai buɗe ta? Na ce Allahn da take zaunar da shi kowace safiya tana ba shi labarin akuya, da yana jin ta ai da ya fara dawo mata da ɗanta. Na faɗi abin da ya fi haka muni, ba zan maimaita ba. Hajiya tana jin mu ta katanga, har yau ba ta taɓa tayar mani da zancen ba.

Iya ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta ce, "Malama, ni ma ban ji ya amsa ba. Amma nawa aikin rami ne da ƙwaya uku. Ruwa ba sashena ba ne, hanya ma ba sashena ba ce. In na cinye irin, na amsa wa kaina ke nan tun bai yi magana ba."

Na jefar da taɓarya na shige ɗaki. Kafin azahar na ji kukan akuya yana nisa. Akuyarta ce guda ɗaya, wadda take kwana da ita a ɗaki tun da aka fara sace-sace, wadda Ubangiji ya fi jin labarinta fiye da na kowa a gidan. Ta ja ta zuwa gidan Hajiya ta dawo da masara. Ita ce ta kai mu har wake ya nuna. Ba ta taɓa yi mani gori ba, ni kuma, don taurin kai, ban taɓa ce mata na gode ba. Wannan yana cina har yanzu.

A daminar nan ta biyu ta sake shukawa. Sai da ta fara gwada irin a jiƙaƙƙen tsumma cikin kasko, ƙwaya goma, biyar suka tsiro. Ta ce ya fara gajiya, bana ko a samu ko a rasa. Da kawuna suka fito, tsuntsaye suka fara taruwa a kan dalbejiya, ta gwada tsofaffin tsummokaranmu, suka huda su kamar takarda. Gidan sauro na yara ne, ba ta ko kalle shi ba. Ƙyalle mai ƙarfi iri ɗaya ne ya rage a gidan nan nata. Da safe na fito na tarar ta buɗe akwati, ta shimfiɗa zanen zumuntarta biyu da ɗankwali a tabarma, tana bin su da reza. Zanen da ba ta ɗaurawa sai Lahadi da ranar biki, wanda take ninkewa da ganyen ƙamshi a tsakani. Ta yanka shi gida-gida, ta lulluɓe kowane kai sakwa-sakwa yadda iska za ta shiga, ta ɗaure a wuya. Tsakar gidanmu ta koma kamar an tara 'yan zumunta sun sunkuya suna addu'a.

Ranar Lahadi ta je coci da zanen gida. Maman zumunta ta biyo ta har gida, ta ga abin da aka yi, ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce wannan zane an yi mashi addu'a, da sunan Yesu a jikinsa, ba na ɗaura wa hatsi ba ne, kuma da me za a rufe ta ranar da ta mutu? Iya ta ce gawa ba ta jin sanyi, kuma mai sunan da ke jikin zanen bai taɓa ƙyamar abinci ba. Suka rabu ba daɗi. Wata biyu Maman zumunta ba ta sa Iya ta ɗaga waƙa ba, cocin kuwa ya yi tsit kamar ba mutane.

A cikin kwanakin nan ne na ji abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da sassafe na fito ɗiban ruwa, na ji murya a tsakanin karan dawa. Iya ce a durƙushe, ba a kan turminta ba. Ba labarin gwiwa, ba labarin Malama. Kuka take, irin wanda ba ta taɓa yi a gabanmu ba, tana cewa: "Kai ka san inda yake. Ni ban sani ba. Ko ƙashinsa ne ka nuna mani, ban fi ƙarfin wannan ba." Sannan ta kira sunan ɗanta. Sunansa na yanka, sau uku, wanda ban taɓa ji a bakinta ba. Na tsaya da guga a hannu, na kasa gaba na kasa baya. Can ta share fuska da gefen zane, ta dafa kara ta miƙe, ta shiga gyara ƙyallayen da iska ta kwance. Da ta gan ni sai ta ce ruwan zai ɗebi kansa ne, Malama?

Dawar ta nuna. Kai ashirin da bakwai muka yanka, cikakku. Ta rataye su a madafa, ta sauke tsohon damin da ɗanta ya kawo, ta miƙa mani ta ce yanzu ki daka. Na yi sussuka, na surfa, na kai niƙa, na tuƙa tuwo. Yara suka ci suna santi. Ni da ita muka zauna a gaban kwano ɗaya, kowa na jiran ɗaya ya fara sa hannu.

Zan faɗi gaskiya tunda ta'aziyya ba wurin ƙarya ba ce. Yayana da ke Funtua ya daɗe yana cewa in kwaso yara in taho, ya ware mani ɗaki. Iya ta ce in tafi, ba ta riƙe ni ba, amma ita ba inda za ta, kada mutumin nan ya dawo ya tarar da gida a rufe. Na kasa barin ta, na kuma kasa yafe mata hakan. Akwai ranakun da na kalle ta tana tari na ce a zuciyata, ranar da ta tafi ni ma na samu hanya. Allah ya gafarta mani.

Bana ta shuka ta uku. Ruwan Agusta ya yi yawa, wata rana da rana tsaka bangon madafa ya zauna, rufin ya biyo shi. Iya ta shiga cikin ruwan tana tonon irin da ta ajiye, na fizgo ta da ƙyar. Irin ya jiƙe, ya yi fumfuna, bai amfanu ba. Ita kuma sanyi ya shige ta, ya kama ƙirji. Muka jira motar ranar kasuwa, da ranar ta zo ta ce ba za ta iya zaman mota ba. A kwanakinta na ƙarshe takan sa in buɗe ƙofa don ta ga karan, ta tambaye ni ko sun yi ciki. Ba ta bar mani wasiyya a kansu ba. Da ma ta bari, da na samu wanda zan yi wa gardama.

To, wannan shi ne kwandon da na ajiye a gaban Maman zumunta. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta durƙusa ta ɗauki ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya tana jera su a kan Iya, tun daga ƙafa har ƙirji, tana kuka tana cewa a gafarta mata. Matan suka ɗaga waƙa, ba wanda ya kauce, kuma ba ta yi daɗi ba. Aka rufe ta da su duka, muka dawo cikin gari kafin la'asar.

Bayan kwana bakwai yayana ya bugo waya ya ce ya yi magana da direba, in shirya ranar kasuwa. Na ce to. Na ɗaure kayanmu, ba su da yawa. Zanen zumuntata na sa a saman akwati, don shi kaɗai ne abin da zan shiga Funtua da shi ba a nuna ni ba.

Ranar da safe na fito, na ji dalbejiya ta cika da surutu. Na duba kunyoyin Iya. Kawuna sun fito, sun fara ƙwaya, duk a sunkuye inda ta ɗaure su da hannunta, kuma duk duniya ba sauran wannan dawar sai su. Tsuntsu ɗaya ya sauka a kan na bakin rijiya. Na kore shi, biyu suka dawo. Daga bakin kasuwa ina jin direba yana danna oda.

Dawar sati shida take nema ta nuna. Ban san abin da zai faru a sati shida ba, ban san ko hanya za ta buɗe ba, ban san ko ni matar aure ce ko gwauruwa ba. Na aika wa direba ya tafi. Na buɗe akwati na ɗauko zanen, na nemo rezar Iya a inda take soke ta a jikin azara. Turmin yana nan a kife inda ta bar shi. Na zauna a kai, na shimfiɗa zanen a cinya. Bakina da ya iya faɗa da kowa ya rasa ta inda zai fara, don shekara uku rabona da addu'a.

Na ce, "Ubangiji, Iya ta iso wurinka, ka riƙe ta da kyau. Ni ce Malama. Ba ka amsa mata ba, ni ma ban huce ba. Amma ga ni."

Sannan na sa reza.